Ziyara Zuwa Oberndorf, Garin Maƙeran Bindiga

Idan mutum ya hau jirgin ƙasa a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus ya nufi kudu, a kan hanyar da ta miƙe zuwa iyakar Suwizalan, bayan tafiyar sa'a guda da ɗan ɗoriya zai ga tsaunuka masu duhun itatuwa sun matso ta dama da hagu, har ba su bar wa kogin Neckar da layin dogo komai ba sai ɗan siririn kwari. A cikin wannan kwari ne garin Oberndorf yake. Mutanensa wajen 14,000 ne, watau bai kai wata unguwa guda ta cikin birnin Kano ba. Amma duk da ƙanƙantarsa babu nahiyar da ba a taɓa kai ƙarfe mai ɗauke da sunansa ba, domin fiye da shekara 200 ke nan babbar sana'ar garin ɗaya ce, ƙirar bindiga.

Garin hawa uku ne. A ƙasa, bakin kogi, nan tashar jirgi take da dogayen gine-ginen masana'anta. A kan ɗan tudu akwai tsohon gari mai ƙunƙuntattun tituna da gidaje masu dogon jinka. Can bisa tsauni kuma, a unguwar da ake kira Lindenhof, kamfanin Heckler & Koch ya kafa masana'antarsa cikin shinge. Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne tsit ɗin da garin yake yi. Ba ka jin komai sai ƙararrawar majami'a da wucewar jirgi.

Abin da ya kai ni shi ne in ga yadda ake adana tsofaffin bindigogin sojan Jamus, in kuma ga irin mutanen da suka mai da tara su abin yi. Na san mai karatu zai ce wannan wace irin sha'awa ce. A wajenmu bindiga ta soja ce, ko ta mafarauci, ko ta ɓarawo, kuma mun ga abin da yawanta a hannun jama'a ya jawo mana. To, ni ma da wannan tambaya na sauka daga jirgi.

Asalin sana'ar ya koma shekarar 1811, lokacin da Sarki Friedrich na ƙasar Württemberg ya ba da umurni a tattara maƙeran makaman gwamnatinsa wuri guda. Wurin da aka zaɓa kuwa gidan 'yan zuhudun Kirista ne, wanda hukuma ta karɓe daga hannunsu 'yan shekaru kafin nan. Ga gini babba ba kowa a ciki, ga ruwan kogi da zai juya injuna, ga dajin da za a sami gawayi. Majami'ar gidan ma ba a ƙyale ta ba, aka raba cikinta hawa-hawa aka mai da ita wurin aiki. Yau an gyara ginin, ofisoshin hukumar gari ne a ciki, majami'ar kuma ta zama zauren taro da kaɗe-kaɗe. Wanda ya ɗaga kai ya ga zanen da ke rufinta ba zai yarda an taɓa aikin bindiga a ƙarƙashinsa ba.

Cikin ma'aikatan wannan masana'anta akwai wani Franz Andreas Mauser, mai 'ya'ya 13. Biyu daga cikinsu, Wilhelm da aka haifa a 1834 da Paul da aka haifa a 1838, tun suna yara suka bi sawun ubansu. Wilhelm shi ne mai baki da iya ciniki, Paul shi ne mai hannu. Bindigar da suka ƙago ita ce daular Jamus, wadda a lokacin aka haɗa ta, ta zaɓar wa sojojinta, aka sa mata suna samfurin 1871. Harsashi ɗaya take ci, mai faɗin milimita 11, da baƙin albarushi mai turnuƙe wuri da hayaƙi. A 1874 'yan'uwan suka saye masana'antar da ubansu ya yi wa ƙwadago. Wilhelm bai daɗe yana cin moriya ba, ya rasu a 1882.

Kuɗin ƙasashen waje ne suka gina Oberndorf. A 1887 gwamnatin Sultan Abdulhamid na Biyu ta daular Turkiyya ta yi odar dogayen bindigogi 500,000 da gajeru 50,000, har aka gina wa jami'an Turkiyya masu duba kayan gida na musamman a garin. Bayansu sai mutanen Suwidin, waɗanda suka kafa sharaɗi cewa da ƙarfen ƙasarsu za a yi musu aiki, suka riƙa aiko shi. Ginin da aka yi saboda wannan kwangila har gobe Schwedenbau ake ce masa, watau ginin Suwidin, kuma a cikinsa gidan tarihin garin yake.

Gidan tarihin ba babba ba ne. Bindigogi ne jere cikin akwatunan gilashi, daga masu ƙanƙara na zamanin sarki zuwa na yau. Na daɗe a tsaye gaban samfurin 1871, domin ba baƙuwarmu ba ce. Sa'ad da sojan Jamus na gida suka sami sababbi, sai aka riƙa tura tsofaffin, musamman wata 'yar gajeruwa daga cikinsu, zuwa ƙasashen da suka mallaka a Afirka, ana ba baƙaƙen sojoji. 'Yan sandan farko da Jamusawa suka ɗauka a Togo a 1885 Hausawa ne, a Kamaru ma akwai Hausawa cikin na farko. A watan Satumba na 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita ya nufi gabashin ƙasarsa. A watan Nuwamba Jamusawa suka karya rundunarsa a Garwa, a Janairun 1902 kuma Hans Dominik ya sake karya ta kusa da Marwa. Mahayan Adamawa da masu da takubba suka yi ta sukuwa cikin ruwan harsashin irin waɗannan bindigogi da na bindiga mai ruwa. Zubairu ya rasa ransa a 1903, ƙasar Fombina kuwa ta rabu biyu, kuma har yau a rabe take.

Shekara 12 bayan yaƙin Marwa sai Turawan biyu suka juya wa juna, suka kuma sa mu a tsakiya. A ƙarshen Agusta na 1914 sojojin Nijeriya suka tasam ma Garwa daga Yola, aka kore su da hasara mai yawa, har kwamandansu Maclear ya faɗi. Sai a Yunin 1915 garin ya ba da kai. A kan dutsen Mora, kusa da iyakarmu ta Borno, wani hafsa mai suna Ernst von Raben ya yi ta riƙewa da 'yan sojojinsa baƙaƙe har 18 ga Fabrairu, 1916, bayan sauran rundunar Jamus ta fice daga Kamaru. Cikin waɗanda aka kama a Garwa akwai wani saurayi, Chari Maigumeri, wanda ya shiga sojan Nijeriya a 1917, ya yi yaƙi a Gabashin Afirka da Habasha da Bama, ya bar aiki a 1953, kuma barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Da bindigar Bajamushe ya koyi harbi. Irin wannan labari ba ya cikin ɗan katin da ake ajiyewa gefen bindiga. Katin yakan faɗi samfuri da shekara da faɗin harsashi, shi ke nan.

Sarauniyar ɗakin ita ce Gewehr 98, wadda sojan Jamus suka karɓa a watan Afrilu na 1898. Tsawonta mita 1 da kwata, nauyinta kilo 4 da ɗan abu, tana cin harsashi 5 na albarushi mara hayaƙi. Sirrinta yana ga sakatarta, watau ƙarfen da ake ja baya a tura gaba don a ɗura harsashi. Haƙora biyu ne a gaba suke kulle ta, da na uku a baya wanda ba ya aikin komai sai ranar da na gaban suka karye, sa'an nan da kafofin da za su kau da tururin wuta daga fuskar mai harbi idan kwanso ya fashe. Paul Mauser ya san abin da yake gudu. Shi kansa a 1901 ya rasa ido guda wajen gwada wata bindigar daban mai ɗura kanta. Tun kafin wannan samfuri ma duniya ta san aikinsa: da Amurkawa suka sha wuya a hannun sojan Sifen masu riƙe da Mauser a yaƙin Kyuba na 1898, sai suka kwaikwayi ƙirar a bindigarsu ta Springfield ta 1903, har ya zama tilas suka biya kamfanin haƙƙinsa. Paul ya rasu a watan Mayu na 1914, saura 'yan watanni a fara yaƙin da aka kashe miliyoyi da ƙirarsa.

Sauran labarin gajere ne. Bayan yarjejeniyar Versailles ta 1919 aka ɗaure wa Jamus hannu, kamfanin ya koma yin kekunan ɗinki da injunan lissafi da ma'aunai, har da motoci. A 1935, ƙarƙashin Hitler, aka gajarce bindigar aka sa mata suna Karabiner 98k, masana'antu daban-daban suka ƙera fiye da miliyan 14 kafin 1945. A Afrilun wannan shekara sojan Faransa suka shiga garin, suka sa aka ci gaba da ƙera musu na ɗan lokaci, daga baya suka kwance injuna suka kwashe, aka rushe gine-gine, aka lalata takardun kamfanin. A ƙarshen 1949 tsofaffin injiniyoyin Mauser uku, Edmund Heckler da Theodor Koch da Alex Seidel, suka kafa ɗan kamfani na yin kayan keken ɗinki da na keken hawa. Shekara 10 bayan haka suka fito da G3, wadda duk wanda ya taɓa wuce shingen soja a Nijeriya ya gan ta. Masana'antar makamai ta Kakuri a Kaduna ma wani kamfanin Jamus ta Yamma ne, Fritz Werner, ya kafa mana ita a 1964. Mutanen Oberndorf ba su cika son a tayar da zancen inda kayansu suke zuwa ba, amma kotu ta tayar musu a 2019, da aka ci Heckler & Koch tarar Yuro miliyan 3.7 a Stuttgart saboda bindigogin da aka kai wasu jihohin Meziko ba bisa ƙa'ida ba.

Kashegari tafintana ya kai ni wani ƙauye bayan tsauni, gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin injin sassaƙa ƙarfe da ya yi ritaya, wanda ya shekara fiye da 40 yana tara waɗannan bindigogi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in faɗi sunansa ko na ƙauyensa, saboda ɓarayi. Kafin ya nuna mini ko da kusa ɗaya sai da ya ɗauko wani jan kati. A Jamus mai tara makamai yana da lasin na daban, jan launi, kuma ba a ba da shi don mutum ya ce yana sha'awa. Sai ya nuna wa hukuma cewa tarin nasa yana da amfani ga tarihi, ya kuma ƙayyade fagensa, misali bindigogin sojan Jamus daga shekara kaza zuwa kaza. Abin da ya fita wannan fage ba shi da ikon saye da wannan kati. Sai an bincika halinsa, sai ya tanadi akwatunan ƙarfe masu kulle. Tun bayan kisan da wani yaro ya yi a makarantar Winnenden a 2009 da bindigar ubansa, jami'ai suna da ikon zuwa duba ma'ajiyar mutum ko da ba a zarge shi da komai ba. Daga 2013 kowace bindiga tana cikin rajistar ƙasa, daga 2020 kuma sai an tambayi hukumar tsaron cikin gida ko mai neman lasin yana da alaƙa da masu tsattsauran ra'ayi. Duk wanda zai ce me zai hana a yi irin wannan tari a ƙasarmu, to, ya fara ƙirga waɗannan katangu tukuna.

Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, ƙofarsa ta ƙarfe. Ya miƙo mini safar hannu ta auduga, ya sa tasa, ya kwantar da wata Gewehr 98 a kan bargo, ya kunna fitila, ya ɗauko tabaran ƙara girman rubutu. A nan ne na gane cewa waɗannan mutane karatu suke yi. Bajamushe ba ya barin ƙarfe ya fita hannunsa bai buga masa hatimi ba. A kan ƙugun bindigar akwai sunan masana'anta da shekara, ko Oberndorf, ko ma'aikatun gwamnati na Spandau da Danzig da Erfurt da Amberg. A gefe akwai 'yan ƙananan kambin sarauta da haruffa, kowane alamar jami'in da ya duba wani mataki na aikin. Akwai gaggafar da ke shaida an gwada ta da harsashi mai ƙarfi ba ta fashe ba. A wasu har akan sami lambar runduna da ta kamfani da lambar bindigar a cikin kamfanin. Wadda ya nuna mini tana da shekara biyu, 1916 da 1920. Ta farko ita ce ta ƙira. Ta biyu hatimi ne da gwamnati ta buga wa makamanta lokacin da ake karɓe bindigogi daga hannun farar hula bayan yaƙi, don a bambanta na hukuma da na sata. Watau lambobi huɗu kawai sun gaya maka cewa wannan bindiga ta ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta tsira daga narkarwar da yarjejeniya ta wajabta, ta koma hannun sojan jamhuriya.

A zamanin Hitler aka daina buga sunan masana'anta, don kada abokan gaba su san inda ake ƙira da yawan abin da ake ƙerawa. Oberndorf ta zama S/42, daga baya 42, daga 1941 kuma byf. Masu tari suna haddace waɗannan kamar yadda ɗan kasuwar Kurmi yake sanin ɗinkin kowane gari da ganin allura. Har lalacewar ƙasar ma ana karanta ta a jikin kayan. Ta 1936 sumul take, baƙinta yana sheƙi, ƙotarta ta itace guda mai kyau. Da itacen ya yi wuya sai aka koma manna falle-fallen katako da gam. Ta ƙarshen 1944 kuwa duk sawun inji ne a jikinta, wasu ƙarafan lanƙwasa su kawai aka yi, an cire maƙalin wuƙar baki da sandar goge ciki. Dattijon ya jera su uku a kan bargo, bai ce komai ba, ya bar ni in duba.

Abin da suka fi darajantawa shi ne dacewar lambobi. Kowace bindiga tana da lambarta, kuma ana buga lambar, ko lambobinta biyu na ƙarshe, a kan sakata da bututu da ƙota da ƙananan ƙarafa, a tsofaffin har da kusoshi. Dalili kuwa da hannu ake daidaita sakata da mazauninta, ta wata ba lalle ta zauna daidai a wata ba. Wadda duk lambobinta suka zo ɗaya, ita ce ta iso yau kamar yadda ta bar masana'anta, kuma kuɗinta ninkin-ba-ninkin na sauran ne. Inda kuɗi suke kuwa maha'inta ba sa nisa. Akwai masu goge lamba su buga wata, akwai masu ƙera hatimin ƙarya na rundunonin da suka yi ƙaurin suna don su ja farashi. Ya nuna mini yadda ake kama su: wurin da aka goge yakan ɗan loma, baƙinsa ya saɓa da na kewaye, sabon bugu kuma gefensa yana da kaifi, alhali tsoho ya dushe tare da sauran jikin.

Ni dai waɗanda lambobinsu suka saɓa su suka fi ba ni sha'awa, ko da yake a kasuwa su ne marasa daraja. Rashawa sun kama ɗimbinsu a yaƙi, suka wargaza su, suka sake musu baƙi, suka harhaɗa ba tare da duba lamba ba, suka buga wa da yawa alamar X, suka shafe ƙota da jan fenti mai ƙyalli, suka jibge a ma'ajiya don jiran wani yaƙin. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka yi ta sayar da su ga 'yan kasuwar Yamma. Mutanen Nowe sun riƙe waɗanda sojan mamaya suka bari a 1945, suka sauya musu bututu don su ci harsashin Amurka. Isra'ila ta yi yaƙin 1948 da irinsu, daga baya ta sauya bututun ta ƙona lamba 7.62 a jikin ƙota, har akan sami wadda tambarin Yahudawa yake zaune kusa da gaggafar Hitler da aka daddage. Sojan Amurka kuma da za su koma gida sukan yanke ƙota da zarto don ta shiga jakar kaya. Kowane tabo hanya ce da bindigar ta bi.

Shi ya sa dokar farko ta adanawa, in ji dattijon, ita ce kame hannu. Babban maƙiyin tsohuwar bindiga mai ita ne, wanda zai ga ta yi duhu ya ɗauko samfefa ya murje ƙota, ya shafa fenti, ya kai ƙarfe a sake masa baƙi. Ta fito tana walƙiya, amma hatimin da ke jikin katako ya tafi, na ƙarfe ya dushe, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Abin da ake so shi ne a tsai da lalacewa, a bar tsufa yadda yake. Jan tsatsa mai ci ana tausasa shi da mai a ɗauke a hankali, amma launin ƙasa-ƙasan da shekaru suka bari ba a taɓa shi. Ƙarfe ana shafa masa kaki siriri, domin mai yana gangarowa ya shiga katako ya ruɓar da shi, don haka ma wasu suke jingine bindiga baki ƙasa. Gumin hannu gishiri ne, shi ya sa safa. Ba a barin ta cikin kube na fata ko jaka, domin suna riƙe laima. Tsofaffin harsasai kuma suna barin wani gishiri a cikin bututu, wanda mai ba ya narkar da shi sai ruwa. Bindigar da aka harba aka ajiye ba a wanke da ruwan zafi ba, cikin 'yan kwanaki cikinta zai fara ci.

A bango akwai ma'aunin laima, yana riƙe ɗakin a wajen kashi 50 cikin 100. In ya haura ƙarfe ya yi tsatsa, in ya sauka ƙwarai katako ya tsage, mafi muni kuma shi ne hawa da sauka. Na tuna yadda ƙofofinmu suke kumbura da damina su ƙi rufuwa, da hunturu kuma su bushe har ka hangi waje ta tsagarsu. Duk wani tsohon makami da ke jingine a ɗakin ajiyar wata fada ko gidan tarihi a ƙasarmu wannan azaba yake sha sau biyu a shekara.

Na tambaye shi batun gaggafar Hitler mai riƙe da alamar jam'iyyarsa, wadda take jikin kowace Karabiner ta wancan zamani. Dokar Jamus, a sashe na 86a na kundin laifuffuka, ta hana nuna wannan alama a fili sai don koyarwa ko bincike da makamantansu, har 'yan kasuwa sukan liƙe ta da takarda idan sun baje kaya. Ra'ayinsa shi ne wanda ya kankare ta ya kankare shaida. Na yarda da shi a nan. Amma ban yarda duk masu tari irinsa ne ba. Ai da ba don akwai waɗanda alamar ce take jan su ba, da maha'inta ba su sami kasuwar hatimin ƙarya ba, da hukuma ma ba ta ga dalilin binciken 2020 ba.

Ta ƙarshe da ya ɗora a kan bargo byf ce ta 1944, lambobinta duk sun dace. Muka bi ta daga baki zuwa gindi. Ga lambar masana'anta, ga shekara, ga 'yar gaggafa a kan 135, watau ofishin sojan da ke duba kayan Oberndorf. Duk wanda ya sa mata ido a madadin hukuma ya bar alamarsa. Wanda ya tsaya gaban inji ya sassaƙa ta ne kaɗai bai bar komai ba. A wannan shekara ma'aikatan Mauser sun haura 10,000, dubbai daga cikinsu mutanen da aka kamo ne daga Folan da Tarayyar Sobiyet da Holan da Faransa da sauran ƙasashen da aka mamaye, maza da mata, aka zuba su a sansanoni kewaye da garin, ana sa su aikin tilas da ɗan abinci. Ɗaruruwa sun mutu a nan. A Aistaig, wani ƙauye da ke gangaren kogi kaɗan daga garin, 'yan sandan ciki na Hitler suna da sansanin da suke kira na ladabtarwa, inda ake kai wanda aka ce ya yi lalaci ko ya gudu. Na bi ta wurin da yamma. Gidaje ne masu furanni a taga, da kogi yana tafiya a hankali. Garin ya kafa abin tunawa da waɗannan mutane, amma sai da aka shekara da yawa bayan yaƙi.

Dattijon yana da littafi, babba mai bangon kwali, kowace bindiga da shafinta: ranar da ya saye ta, a hannun wa, kowane hatimi an zana shi da fensir, kowane tabo da inda yake. A shafukan na 1943 da 1944 ya liƙa 'yan takardun da ya yanko game da sansanonin. Ya ce littafin ya fi damunsa a kan ƙarafan, domin shekarunsa sun ja, 'ya'yansa biyu kuma suna birni, babu mai so. A dokar Jamus magajin da ba shi da hujjar riƙe makami sai ya nemi izni cikin ɗan lokaci ƙayyadadde, kuma yawanci sai an toshe bututun da wani makulli. Gidajen tarihi suna da irin waɗannan samfura, ba su da wurin ƙari. Saura gwanjo, inda za a sayar da su ɗaya-ɗaya ga wanda ya fi tsada, littafin ya zauna a gida ba mai nema, ko kuma a miƙa wa hukuma ta aika da su tukunyar narka ƙarfe. Ya taɓa rubuta wa wani gidan gwanjo ya tambaya ko za su yarda su haɗa kowace bindiga da kwafin shafinta. Ranar da na je yana kan kwafe shafi na 17 da hannu, domin injin kwafi ba ya fito da zanen fensir.